Darasi na 14: Citta Ba Ta Jiran Mai "Sai Gobe"

KARATU

Ranar ƙarshe ta zangon karatu, in ka tsaya a ƙofar wata makarantar sakandare a Kafancan, ko Zonkwa, ko Kwoi, za ka ga ɗalibai iri biyu suna fitowa. Wasu suna riƙe da takardar sakamakon jarrabawa a hannu, suna neman wanda za su nuna wa. Wasu kuwa sun ninke tasu gida huɗu, sun cusa ta a ƙasan jaka, suna tafiya kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki. Tun a hanya suke shirya abin da za su faɗa wa Baba da Mama. Domin waɗannan na biyun aka rubuta wannan darasi. Ba abin kunya ba ne ka kasance cikinsu, don ko a cikin malamanku akwai waɗanda suka taɓa ninke takarda irin wannan.

Idan aka tambayi ɗalibi dalilin faɗuwarsa, amsa uku aka fi ji. Wani ya ce, "Ba ni da kai." Wani ya ce, "Malamin ne ba ya ƙaunata." Wani kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Ina so in yi karatu, amma da na ɗauki littafi sai in ji jikina ya mutu, sai in ce sai gobe." Amsa ta ukun ita ce ta fi kusa da gaskiya, kuma ita za mu bi. Mai wannan amsa yana da wani zato a ransa, wato sha'awa ce ke fara zuwa, sannan aiki ya biyo baya. Saboda haka yake zaune yana jiran ranar da zuciyarsa za ta so karatu. Kafin mu yarda da wannan zato, mu leƙa gonar citta.

Gonar citta

Kudancin Jihar Kaduna shi ne gidan citta a Nijeriya. Mafi yawan cittar da ƙasar nan ke samarwa daga yankunan Kaciya, Jaba, Kagarko da maƙwabtansu take fitowa, daga nan kuma ake loda ta a buhuna har zuwa ƙasashen waje. Da yawa daga cikinku da kuɗin citta ake biya muku kuɗin makaranta, saboda haka kun san aikinta sarai.

Ana dasa ta da saukar ruwan farko, wajen watan Afrilu ko Mayu. Da an gama dasawa sai a rufe gonar da ganyaye da ciyawa, don kada rana ta ƙona irin, kada kuma ƙasa ta bushe. Wannan rufi ba ya jira. Wanda ya ce sai mako mai zuwa, kafin ya dawo rana ta yi masa ɓarna. Bayan haka sai cire ciyawa da hannu, a durƙushe, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, sai kuma zuba taki a kan kari. Wata bakwai ko takwas manomi yana wannan hidima, alhali abin da yake yi wa wahalar yana ɓoye a ƙarƙashin ƙasa, ba ya ganinsa. Sai ganye ya fara bushewa, wajen ƙarshen shekara, sannan a tono, a tsaga, a shanya a iskar hunturu.

Je ka tambayi kawunka mai noman citta, "Kawu, kullum da sha'awa kake fita gona?" Dariya zai yi maka. Akwai safiyar da bayansa ke ciwo, akwai wadda ake yayyafi mai sanyi, akwai wadda barci ya fi zuma daɗi. Amma yana fita, domin lokacin aikin ne ya yi. Abin lura shi ne, in ya sunkuya ya kama aiki, bayan ɗan lokaci jiki yakan sake, har ka ji shi yana fito. Ashe sha'awa a gona take iske shi, ba ita ke tashe shi daga barci ba.

Haka karatu yake. Makonnin farko na zango su ne lokacin dasawa da rufi. Aikin gida da bita su ne cire ciyawa. Jarrabawa kuwa ranar tono ce. Ba a ranar citta take yin girma ba, a ranar dai ake ganin abin da aka yi tun Afrilu. Hausawa na cewa, "Ba a fafe gora ranar tafiya."

Lalaci ne ko tsoro?

Mun saba kiran ɗalibi mai jan ƙafa rago. Ni ban cika yarda da wannan suna ba. Yaron da ake kira rago a aji, shi ne za ka gani ran Asabar yana ɗaukar buhu a kasuwa tun safe har yamma. Yarinyar da ake cewa ba ta da himma, ita ce ke tashi kafin kowa ta ɗebo ruwa, ta hura wuta, ta yi wa ƙannenta wanka. Rago ba ya wannan. To me ya sa littafi kaɗai yake yi musu nauyi?

Sau da yawa tsoro ne. Ɗalibi ya buɗe littafin Lissafi, ya karanta tambaya, bai gane ba. Nan take sai ya ji ƙunci, ya ji kamar littafin yana yi masa ba'a. Da ya rufe shi sai ƙuncin ya tafi, ya ji sanyi a ransa. Wannan ɗan sanyi shi ne tarkon. Gobe in ya sake ganin littafin, zuciya ta riga ta koyi hanyar samun sauƙi, wato a rufe. Amma darasin da ba a gane ba bai tafi ko'ina ba. Na mako mai zuwa a kansa za a gina shi, na bayansa ma haka. Bashi ne da ke haihuwa. Ran da jarrabawa ta rage kwana uku, tsoron faɗuwa ya fi tsoron littafi ƙarfi, sai ɗalibi ya kwana a gaban fitila yana haddar abin da bai fahimta ba.

Ga misalin wata hira tsakanin malamar Lissafi da ɗalibinta na aji ɗaya na babbar sakandare. Ku karanta ta bibbiyu.

Malama: Zauna, yarona. Na ga maki 31 ka ci a Lissafi. Me ya faru?

Ɗalibi: Malama, Lissafi ba nawa ba ne. Kaina ba ya ɗauka.

Malama: Ran Asabar na gan ka a kasuwa kana taya mahaifiyarka sayar da doya. Wa ke ba da canji?

Ɗalibi: Ni ne, Malama.

Malama: Ka taɓa ba wani canji ya wuce?

Ɗalibi: Haba, Malama! Ai da na sha faɗa a wajen Mama.

Malama: To, kai yana ɗauka ke nan. Kawo takardar amsarka mu duba tare. Ka gani, tambaya ta biyu, da ta biyar, da ta shida, duk a wuri ɗaya ka ɓata, wato inda ake tara rabi da sulusi da kwata. Yaushe aka koya muku wannan?

Ɗalibi: Tun aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Lokacin na yi zazzaɓi, na yi mako uku ban zo ba.

Malama: Da ka dawo ka tambayi wani?

Ɗalibi: Na ji kunya, Malama. Kowa ya iya sai ni.

Malama: Kunyar rana ɗaya ta jawo maka wahalar shekara uku. Yaushe za ka koma kansa?

Ɗalibi: Nâ fara, Malama.

Malama: Ba "nâ fara" nake so in ji ba. Wace rana, ƙarfe nawa, a ina?

Ɗalibi: Gobe Talata, ƙarfe huɗu, a gindin mangwaron bayan aji, kafin in tafi gida.

Malama: Tambaya nawa za ka yi?

Ɗalibi: Ashirin, Malama.

Malama: Biyar. Ga su nan. Ka kawo mini ran Laraba, ko daidai ko kuskure.

Ku lura da abin da Malama ta yi. Ba ta yi masa wa'azi a kan amfanin ilimi ba, domin ya riga ya sani. Ta ɗauki magana mai faɗi, wato "ban iya Lissafi ba", ta matse ta har ta zama ƙarama: abu ɗaya ne bai iya ba, kuma an san ranar da ya kuɓuce masa. Dutsen Kagoro ba ya ɗaukuwa, amma tsakuwa tana ɗaukuwa. Sannan ta rage masa aikin daga ashirin zuwa biyar. Mai jan ƙafa gwanin babban alkawari ne, kuma girman alkawarin shi ke hana shi farawa.

Wace rana, ƙarfe nawa, a ina?

Wannan tambaya ta Malama ba ƙaramar dabara ba ce. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Bajamushe mai suna Peter Gollwitzer, ya gwada ta shi da abokiyar aikinsa, suka buga sakamakon a 1997. Sun roƙi ɗaliban jami'a su rubuta ɗan rahoto a kan yadda suka yi jajibirin Kirsimeti, su aiko cikin kwana biyu. Wasu an sa su faɗi tun da wuri a wane lokaci kuma a wane wuri za su zauna su rubuta. Sauran ba a tambaye su ba. A cikin waɗanda suka tsai da lokaci da wuri, fiye da kashi biyu cikin uku sun rubuta a kan kari. A cikin sauran kuwa kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka rubuta. Dukansu sun yi niyya. Bambancin shi ne wasu sun ba niyyarsu rana da mazauni.

Saboda haka kada ka ce, "Wannan zangon zan dage." Ka ɗaure karatunka ga wani abu da kake yi kullum ba fashi. Misali, "Da na idar da sallar asuba," ko "Da mun gama addu'ar safe," ko "Da na dawo daga rafi na ajiye jarka, zan zauna a bakin ƙofa in yi tambaya biyar." In gidanku ba wutar lantarki, ko tana zuwa tana ɗaukewa, kada ka dogara da dare. Hasken safiya da na la'asar kyauta ne.

Rabin sa'a ta isa a fara. Wani zai ce rabin sa'a ai wasa ne. To mu yi lissafi. Rabin sa'a kullum, kwana 6 a mako, sa'a 3 ke nan. A zango mai mako 12, sa'a 36 ke nan. Wanda ya jira kwana uku na ƙarshe, ko da ya yi sa'a huɗu kowane dare, sa'a 12 ya samu, kuma rabinsu da gyangyaɗi.

Ba yawan sa'o'in kaɗai ba ne. Yadda aka rarraba su ma yana da tasiri. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya buga sakamakon gwajin da ya yi shekaru yana yi a kan kansa. Yakan haddace jerin gaɓoɓin da ba su da ma'ana, sannan ya auna yadda yake manta su. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko da ranar farko, daga nan sai ta lafa. Ya kuma gano cewa maimaici 38 da aka rarraba a kwana uku ya yi aikin maimaici 68 da aka yi a zama ɗaya. Ma'anarsa a gare ka ita ce, darasin da aka yi yau, ka waiwaye shi yau ko gobe, ko da na minti goma ne, ka sake waiwayarsa a ƙarshen mako. Wannan shi ne rufin gonarka. Da yayyafi kogi kan cika.

Rufe littafin

Akwai kuma ɗalibin da ke karatu kullum amma yana faɗuwa, kuma shi ya fi ba ni tausayi. Yakan karanta shafi sau huɗu, ya ja layi a ƙarƙashin kowace jimla, ya ji ya iya. A ɗakin jarrabawa sai kai ya zama fayau. Abin da ya faru shi ne, ido ya saba da shafin, sabo kuwa ba sani ba ne. Kana iya gane fuskar mutum a kasuwa alhali ba ka iya faɗin sunansa.

A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai gajeren rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi. Wasu suka karanta a zama ɗaya kawai, aka karɓe takardar, aka sa su rubuta abin da suka tuna har sau uku. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Amma bayan mako ɗaya sai abin ya juya: masu gwada kansu suka tuna kimanin kashi 61 cikin ɗari, masu maimaita karatu kuwa kashi 40. Abin dariya, masu maimaita karatun su ne suka fi amincewa za su tuna.

To, in ka karanta sakin layi, rufe littafin, ka rubuta abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka duba. Za ka ji wuya, za ka ga giɓi, ba kuma za ka ji daɗin ganinsa ba. Amma gara ka gan shi a gindin mangwaro da ka gan shi a ɗakin jarrabawa. Tsofaffin takardun jarrabawa ma don wannan aka yi su, ba don a haddace amsoshinsu ba.

Maganar harshe

Dole mu tsaya a nan, domin yankinmu yana da wani hali na musamman. A 1927 layin dogon da ya taso daga Fatakwal, ya bi ta Inugu da Makurɗi, ya ratsa Kafancan ya isa Kaduna, aka kuma fitar da reshe daga nan zuwa Jos. Garin ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, mutane suka taru daga gabas da yamma da arewa, suka iske al'ummomin ƙasar, kowacce da harshenta. Shi ya sa a aji guda za ka sami mai jin Tyap, da mai jin Jju, da Hyam, da Gworok, da Fantswam, da Ninzo, da Fulatanci, da Ibo, da Yarbanci. Da Hausa ake ciniki a kasuwa, da Turanci kuma ake koyarwa da jarrabawa. Ɗalibi da yawa yana rubuta jarrabawar Kimiyya a harshensa na uku.

Wannan ba rauni ba ne. Mai harshe uku ba za a kira shi marar kai ba. Amma yana nufin cewa wani lokaci ba darasin ne ya gagare ka ba, kalma ɗaya ce a cikin tambayar ba ka gane ba. Wanda aka ce ya kwatanta abu biyu, shi kuma ya lissafa su kawai, zai rasa maki ko da ya san batun. Ka keɓe ɗan littafi don kalmomin tambaya da sababbin kalmomin kowane fanni, ka rubuta ma'anarsu da harshen da ka fi ji. Ga kuma wani gwaji mai kyau: ka bayyana wa ƙanenka darasin da harshenku na gida. Inda harshenka ya sarƙe, to nan ne ba ka fahimta ba.

Ba kowace hasara ce laifin manomi ba

A damina ta 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna. Ganye ya bushe ba lokacinsa ba, citta ta ruɓe a ƙasa. Manoman da suka dasa a kan kari, suka rufe, suka cire ciyawa, su ma sun yi hasara mai yawa, kuma gidaje da dama sun ji a jikinsu lokacin biyan kuɗin makaranta. Wanda ya ce wa irin wannan manomi rago, ya zalunce shi.

Haka akwai faɗuwar da ba jan ƙafa ne ya kawo ta ba. Akwai mai zuwa makaranta ba karin kumallo. Akwai wadda aikin gida ba ya barin ta sai dare ya yi nisa. Akwai wanda ba ya ganin allo sosai, shi kuma bai san matsalar ido ba ce. Akwai waɗanda rikici ya raba da ƙauyensu, ko dokar hana fita ta tsare a gida, ko suka rasa wani nasu, har yanzu zuciyarsu ba ta dawo aji ba. A 2020 ma annobar korona ta rufe makarantu watanni, kuma giɓin da ta bari ya bi ɗalibai da yawa zuwa azuzuwan gaba. Irin wannan jadawali kaɗai ba ya maganinsa. Maganinsa ya fara daga faɗa wa babba: malamin aji, ko malami mai ba da shawara, ko iyaye, ko wata gwaggo da kake sakin jiki da ita. In baƙin ciki ya daɗe, barci ya ƙi, abinci ya fita rai, abin da kake so a da duk ya gundure ka, to ba kasala ba ce. A je asibiti, kamar yadda ake zuwa don zazzaɓi.

Wayar hannu kuwa ba sai an yi doguwar magana a kanta ba, kun fi ni saninta. Rabin sa'ar karatunka, ka ba Mama ta riƙe maka. WhatsApp da TikTok suna nan in ka gama, ba inda za su.

Abin da ke gaba

Me ya sa duk wannan? A ƙarshen aji uku na babbar sakandare akwai jarrabawar WAEC, wajen Mayu da Yuni, sai ta NECO ta biyo baya. Ana ba da sakamako daga A1 zuwa F9, kiredit kuma daga C6 ya fara. Manyan makarantu da yawa suna neman kiredit biyar, har da Turanci, a fannoni da yawa kuma har da Lissafi. Sai jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Ƙofofin ba su da nisa: ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafancan, ga kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma. Amma makullinsu duka waɗannan kiredit ne, kuma rabi da sulusin da yaron Malama ya tsallake suna nan suna jiran sa a takardar Lissafi.

Za ku ji ana raɗe-raɗin wuraren da ake sayar da amsa. Ku sani hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamakon da suka yi shakka a kansa, suna kuma soke shi, kuɗin iyaye ya tafi a banza. Wanda ma ya tsira, ya shiga kwaleji da takardar da kansa bai san abin da ke cikinta ba, can zai sake ninke wata gida huɗu. Wanda kuwa ya faɗi da gaskiya, hanya ba ta toshe ba. WAEC da NECO duka suna da jarrabawar masu zaman kansu, makarantu da yawa kuma suna karɓar sakamakon zama biyu.

Ran Laraba ɗalibin nan ya kawo wa Malama tambayoyinsa biyar. Uku daidai, biyu kuskure. Ta nuna masa inda ya ɓata a cikin biyun, ta rubuta masa wasu biyar, ta ce ya kawo ran Juma'a.

MA'ANAR KALMOMI

jan ƙafa: jinkirta aiki da gangan, ƙin yin sa a lokacinsa.
kasala: mutuwar jiki da rashin ƙarfin yin aiki.
rago: wanda ba ya son aiki, mace raguwa, jam'i ragwaye.
himma: dagewa a kan aiki.
a kan kari: daidai lokacin da ya dace.
fafe gora: yanke bakin gora a kwashe cikinsa don a zuba ruwa.
fito: sautin da ake yi da leɓɓa ta hanyar hura iska.
bita: sake duba darasin da aka riga aka yi.
ƙunci: damuwa da matsuwar zuciya.
fayau: wanda ba kome a cikinsa.
giɓi: wurin da wani abu ya fita ya bar sarari.
jajibiri: ranar da ke gaban ranar biki.
mahaɗa: wurin da hanyoyi suka gamu.
raɗe-raɗi: maganar da ke yawo a ɓoye.

NAHAWU: "ZAN", "NÂ" DA "NAKAN"

Hausa tana da hanya biyu ta faɗin abin da bai faru ba tukuna. Lokaci mai zuwa na ɗaya yana nuna ƙuduri: zan, za ka, za ki, zai, za ta, za mu, za ku, za su, za a. Lokaci mai zuwa na biyu yana nuna yiwuwa, ba tabbas: nâ, kâ, kyâ, yâ, tâ, mâ, kwâ, sâ, â. Ana furta su da dogon wasali, murya ta taso sama ta faɗo. A rubutu na yau da kullum ba a cika sa alamar da ke kan wasalin ba, saboda haka mai karatu yakan duba jimlar don ya bambanta "na fara" na abin da ya wuce da "nâ fara" na abin da ake sa rai. Shi ya sa Malama ta ƙi karɓar "nâ fara".

Lokaci sabau kuwa yana nuna abin da aka saba yi: nakan, kakan, kikan, yakan, takan, mukan, kukan, sukan, akan.

Nâ karanta wata rana.
Zan karanta gobe da ƙarfe huɗu.
Nakan karanta kullum da ƙarfe huɗu.

TAMBAYOYI

1. Wane zato ne mai cewa "sai gobe" yake da shi game da sha'awa da aiki? Yaya misalin kawu mai noman citta ya rushe wannan zato?
2. Me ya sa marubucin bai yarda a kira kowane mai jan ƙafa rago ba? Kai ka yarda da shi? Kawo dalili.
3. Don me Malama ta rage tambayoyin daga ashirin zuwa biyar?
4. A gwajin 2006, su wane ne suka fi tunawa bayan minti biyar, su wane ne kuma bayan mako ɗaya?
5. Kawo abubuwa uku da kan jawo faɗuwar ɗalibi ba tare da laifinsa ba.
6. Bayyana ma'anar "Ba a fafe gora ranar tafiya." Akwai karin magana mai kama da wannan a harshenku? Faɗe shi, ka fassara shi da Hausa.
7. Mai da waɗannan jimloli zuwa lokaci mai zuwa na ɗaya, sannan zuwa lokaci sabau: (a) Tâ yi bita da yamma. (b) Mâ tambayi Malam. (c) Sâ rufe gonar da ganye. (d) Kyâ tashi da wuri.

AIKIN GIDA

Ɗauko takardar amsarka ta darasin da ka fi samun ƙaramin maki a zangon da ya wuce. Nemo abu ɗaya da ka ɓata a kansa fiye da sau ɗaya. Rubuta jimla biyar da Hausa, ka yi amfani da "zan", ka faɗi abin da za ka koma kansa, da ranar, da lokacin, da wurin, da wanda za ka nuna wa aikin.